Daga Jagaba zuwa Na'urar GPS: Tarihin Sawu da Neman Hanya



Sa'ad da aka sanar da kan maganar da zan yi a yau, wani abokin aikina ya tare ni a bakin ofis ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da na'urar da sojan Amurka suka ƙago? Na ce masa kalma guda ce ta haɗa mu, watau sawu. Ga na'urar nan a hannuna, ba ta fi sabulun wanka girma ba. In ka kunna ta ka sa a aljihu ka yi tafiya, za ta riƙa ɗiga ɗigo a duk inda ka taka, ta haɗa ɗige-ɗigen su zama zare. Wannan zare shi nake kira sawu, kuma tarihinsa nake so mu bi.

Bahaushe bai yi rowar suna ga hanya ba. Akwai gwadabe, babbar hanyar da jama'a da dabbobi suka buɗe da yawan bi. Akwai turba, 'yar siririya wadda ƙafa ta fitar a cikin ciyawa. Akwai burtali, wanda aka keɓe wa shanu tsakanin gonaki. Har ƙafa ma hanya ce, shi ya sa in an toshe wa mutum sai ya ce babu ƙafa. Sawu kuwa daban yake da waɗannan duka. Sawu shaida ce kawai cewa wani ya wuce ta nan. Bai gaya maka ko mai shi ya isa ba, bai gaya maka ko ya tarar da ruwa a rijiya ba. Hanya ita ce sawun da aka san ƙarshensa. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin maganata, domin na'urar da ke hannuna gwana ce wajen rubuta sawu, amma mayar da sawu hanya aiki ne da har yanzu yake wuyan mutum.

Bari mu fara da inda sawu ba ya kwana, watau Hamada. A shekarar 1352 Ibn Baɗɗuɗa ya tashi daga Sijilmasa a kudancin Maroko tare da ayari, suka yi kwana 25 kafin su isa Tagaza, garin gishiri, daga nan suka nufi Walata. Ya ba da labarin cewa a wannan daji ba a ganin hanya ko sawu, sai rairayi wanda iska ke kwashewa daga nan ta jibge can. Wani mutum a cikinsu mai suna Ibn Ziri ya yi saɓani da ɗan'uwansa, ya ja da baya daga ayari, ba a sake ganinsa ba. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne mutumin da ake kira takshif. Shi ɗan kabilar Masufa ne da ayari ke ɗauka haya, ya riga su zuwa Walata da wasiƙu, domin mutanen garin su fito da ruwa su tarye su tafiyar kwana 4. In takshif ya halaka a hanya, ba wanda zai san ayari na tafe, sai su halaka duka ko mafi yawansu. Ayarin Ibn Baɗɗuɗa sun biya nasu miskali 100 na zinariya. Ya kuma ce jagoransu ido ɗaya gare shi, ɗayan ma ba lafiyayye ba ne, amma duk ya fi kowa sanin hanya. Ku lura da wannan. Sanin hanya a wancan zamani dukiya ce mai farashi, kuma ma'ajiyarta kan mutum ɗaya ne.

Mu a ƙasar Hausa mun san wannan tsari da sunayenmu. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, uban tafiya, wanda ke ɗauke da nauyin kowa da kome. Yana da jagaba, wanda ke gaba yana duba hanya da masauki. Yana da uban dawaki, yana kuma da malamin da ke riƙe da alƙalami da addu'a. Daga Kano a ƙetare Kwara, a ratsa Bargu, a bi ta Zugu da Sansanin Mango da Yandi har Salaga, tafiya ce ta watanni. Ba taswira suke bi ba, jerin zango suke haddacewa: daga wuri kaza zuwa wuri kaza yini guda ne, akwai rafi a tsakani wanda ba ya ƙetaruwa da damina, sarkin wuri kaza yana karɓar fito mai tsanani, gara a kwana a bayan gari. Unguwannin da ake kira zongo a biranen Gana a yau, daga wannan kalma ta zango suka samo suna. To, jerin zango irin wannan ya ƙunshi wuri, ya ƙunshi lokaci, ya ƙunshi ruwa da halin mutanen da za a tarar. In mun zo kan na'ura za ku ga ta ɗauki biyun farko da ƙwarewar da ba a taɓa gani ba, ta bar sauran.

A arewa da mu kuma akwai ayarin gishiri na Abzinawa, wanda ke tashi daga duwatsun Azbin ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya komo da kantu da dabino, daga baya ya gangaro ƙasar Hausa neman gero. Su ma madugu suke ce wa shugaban tafiyarsu. Da rana yana duba inuwa da yadda iska ta kwantar da tuddan rairayi, da dare yana duba taurari. Taurari bakwai ɗin nan na arewa su a wurinsu taguwa ce, ƙananan da ke kusa da ita kuwa ɗanta ne. A tsakiyar wannan fili akwai wata bishiya guda tak, 'yar ƙaya, wadda ta zama alama ga ayari shekara da shekaru, har masu taswira suka sa ta a taswirar da ba a sa kowace bishiya. Da aka haƙa rijiya a gefenta a tsakanin 1938 da 1939, sai aka tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 suna neman ruwa. A 1973 wata babbar mota ta banke ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, a gurbinta kuma an kafa wata ta ƙarfe. Duk faɗin Tenere, direban bai sami abin karo ba sai ita.

Wanda ya fara rubuta sawun ƙasarmu ɗigo bayan ɗigo, irin yadda na'ura ke yi yanzu, ina ganin Heinrich Barth ne, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim. Ya biyo ayarin gishiri daga Azbin ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851. Kayan aikinsa kamfas ne da agogo da littafi. Yana bisa raƙumi ko doki yana rubuta inda aka fuskanta da lokacin da aka ɗauka kafin a karkata, ya kuma san gwargwadon tafiyar dabbarsa a sa'a guda. Daga waɗannan rubuce-rubuce ne August Petermann ya zana taswirorin da suka fito a littafinsa. Amma inda ƙafarsa ba ta kai ba, fatake da alhazai ya zaunar yana tambaya, suna jero masa zango yana rubutawa. Kafin shi ma, a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton taswirar ƙasashen nan a Sakkwato, aka buga ta a London a 1826. Saboda haka taswirar da Turawa suka komo da ita daga baya suna riƙe da bindiga, da yawa daga abin da ke cikinta daga bakin kakanninmu ya fito. Ta haka ne sanin hanya ya fita daga kan jagaba ya shiga takardar da wani zai iya ɗauka ya tafi da ita.

Yanzu sai mu bar Hamada mu ƙetare teku, domin asalin na'urar ba a nan yake ba. Ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Wasu masana biyu a wani ɗakin bincike na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, William Guier da George Weiffenbach, suka zauna suna sauraren ƙarar da yake aikowa. Suka lura muryarsa tana sauyawa in ya nufo su da in ya ba su baya, kamar yadda kukan jirgin ƙasa ke sauyawa a kunnen wanda ke tsaye a tasha. Daga wannan sauyi suka lissafa hanyar da tauraron ke bi. Sai shugabansu Frank McClure ya juya tambayar: in wanda ya san inda yake a ƙasa zai iya gano inda tauraro yake, ashe wanda ya san inda tauraro yake zai iya gano inda shi kansa yake. Daga nan aka sami tsarin da ake kira Transit, wanda ya fara aiki a 1964 domin jiragen yaƙi masu nutso a teku, masu ɗauke da makamai masu linzami. Aibinsa shi ne jira, sai tauraro ya gifta kafin ka san matsayinka, wani lokaci a yi sa'a guda ko fiye.

A 1973 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta haɗa ayyukan sojan sama da na ruwa wuri guda ƙarƙashin Kanar Bradford Parkinson, aka amince da shirin da ya zama GPS. An harba tauraro na farko a watan Fabrairu na 1978. Ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba cewa ba domin matafiyi aka yi shi ba, an yi shi ne domin bom ya faɗa inda aka nufa. Abin da ya buɗe wa farar hula ƙofa masifa ce. Ranar 1 ga Satumba 1983 wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu ya kauce daga hanyarsa ya shiga sararin Tarayyar Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka mutu. Bayan haka Shugaba Reagan ya yi shelar cewa in tsarin ya kammala za a bar jiragen farar hula su yi amfani da shi. Taurari 24 suka cika a 1993, aka bayyana cikar aikinsa a 1995.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta, ko da yake yinsa ya ci basira da dukiya. Taurarin suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a yini, kowanne yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito. Aikin kowanne shi ne shela ba dare ba rana: ni ne wane, ina wuri kaza, yanzu lokaci kaza ne. Saƙon yana tafiya da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa. Na'urar hannu tana auna jinkirin da saƙon ya yi kafin ya iso, daga nan ta san nisanta da tauraron. In ta ji uku ta kusa sanin inda take, amma da yake agogonta mai araha ne, tana bukatar na huɗu domin ya gyara mata lokaci. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jawo kuskuren mita 300 a ƙasa. Akwai kuma abu guda da mutane da yawa suka ɗauka a baibai. Na'urar ba ta magana da tauraro, saurare kurum take yi. Tauraro bai san da kai ba. Sawunka yana cikin aljihunka har ranar da kai, ko wayarka, kuka miƙa shi ga wani.

Na'urar hannu ta farko da aka sayar wa jama'a ita ce Magellan NAV 1000, a 1989, kuɗinta ya kusa dala 3,000. A shekarar ce kuma Gary Burrell da Min Kao suka kafa kamfanin da ya zama Garmin. Abin mamaki, hamada ce ta fitar da sunan na'urar. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 rundunonin Amurka da ƙawayenta suka kewaya ta cikin hamadar yammacin Iraƙi, filin da ba shi da dutse ko bishiyar da za a yi alama da ita, alhali taurarin ma ba su cika ba. Na'urorin soja suka kasa isa, sai da aka sayi na kasuwa. Duk da haka gwamnatin Amurka ta ci gaba da gurɓata saƙon farar hula da gangan, yadda kuskure kan kai mita 100. Sai a farkon watan Mayu na 2000 Shugaba Clinton ya ba da umurni aka daina, cikin dare guda kuskuren ya ragu kamar ninki goma. Daga ranar ce sawun da na'ura ke rubutawa ya isa a bambance wannan gefen titi da wancan. Rasha tana da nata tsarin, GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin ta kammala BeiDou a 2020, kuma na'urorin yanzu kan saurari fiye da ɗaya. Ba wata babbar ƙasa da ta yarda ta bar jagabanta a hannun wata.

To, me mai tafiya ke yi da ita? Abu uku take ajiyewa, kuma rikita su shi ne tushen yawancin kurakurai. Na farko alama, watau wuri guda da ka tsaya ka danna ka ba shi suna, kamar rijiya ko mararraba. Na biyu tsarin tafiya, watau jerin alamomin da ka shirya tun kana gida, wanda shi ne ya fi kama da jerin zangon fatake. Na uku sawu, wanda ita da kanta take rubutawa kana tafe, kowane ɗigo da matsayinsa da lokacinsa da tsawonsa daga teku. In ka ce ta kai ka wata alama, kibiya za ta fito ta nuna maka wurin kai tsaye, kamar tashin tsuntsu. Ba ruwanta da kogi ko kwazazzabo ko gonar mutane da ke tsakani. Sawu shi ne ya san karkata, domin ƙafa ce ta yi shi. Saboda haka mafi amfanin abin da ke cikin na'urar, a ganina, shi ne umurnin komawa kan sawu, wanda Garmin suka sa wa suna TracBack: ta juya zaren, ta mayar da kai ta inda ka fito, taki bayan taki. Abin da iskar Hamada ta hana Ibn Ziri ke nan.

Amma sawu yana da ciki, ciki kuma yana cika. Wata na'ura da ta yi suna a ƙarshen shekarun 1990, GPS 12, ɗigo 1,024 take ɗauka. Waɗanda suka biyo baya suka kai 10,000. Ku yi lissafi tare da ni. In ka sa ta ɗiga ɗigo kowace daƙiƙa 10, ɗigo 360 ke nan a sa'a, ta farkon ba za ta kai sa'a 3 ba, ta biyun za ta yi kamar sa'a 28. In ka tsawaita tazara zuwa minti guda za ta daɗe, amma za ta yanke kwana, ta nuna ka bi ta cikin tafki alhali gefensa ka kewaya. In kuma ciki ya cika, ko ta tsaya da rubutu, ko ta fara cinye tsohon sawu domin ta sami wurin sabo, ya danganta da yadda ka saita ta. A tsofaffin na'urori, in ka ajiye sawu da suna sai ta tsame ɗige-ɗigen ta rage su zuwa 'yan ɗaruruwa, ta kuma zubar da lokutansu.

Wannan darasi ban koye shi a littafi ba. Sa'ad da na komo gida aikin binciken digirina na ƙarshe, na ari irin wannan na'ura, na tafi tattara sunayen wurare a kan wata tsohuwar hanyar fatake, tare da wani dattijo wanda ya bi ta da jakuna yana yaro. Kwana 4 muka yi, kullum na'ura tana kunne tun hantsi har almuru, ina ta danna alama ina jin daɗi. Da na zauna zan kwashe abin da ke ciki, sai na tarar sawun ranar farko duka da wani yanki na ta biyu babu su, sabo ya cinye tsoho. Alamomin suna nan, amma da yake na yi gaggawa ban sa musu suna ba, sai lambobi: 017, 018, 019. Na rasa wace ce rijiya, wace ce kufai, wace ce inda na tsaya gyara takalmi. Na koma wurin dattijon da kunya na ce, "Baba, aikinmu na ranar farko ya ɓace." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, a wurinka ya ɓace." Ya zauna ya jero mini su ɗaya bayan ɗaya, har da rijiyar da ya ce ruwanta zartsi ne, jaki ma sai ya matsu yake sha, da kukar da ake sauke kaya a gindinta domin mutanen garin ba sa son baƙo ya kwana cikin ganuwa. Tun daga ranar, duk yamma sai na ajiye sawun yini da kwanan wata da sunan wuri, na kwashe shi zuwa kwamfuta, na share cikin na'urar, alama kuwa ba na barin wurin sai na sa mata suna na kuma rubuta a littafi.

Akwai wasu ramuka biyu da ya kamata ɗalibanmu masu fita bincike su sani. Tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya an gina su ne bisa ma'aunin Minna, na'ura kuwa da ma'aunin duniya na WGS 84 take zuwa. In ka ɗauki lamba daga wannan ka zuba a wancan ba tare da ka sauya saiti ba, za ka kauce da gomiyoyin mita, abin da ya isa ya sa iyakar gona ta faɗa cikin ta maƙwabci. Na biyu ya fi muni. Digiri guda minti 60 ne, ba 100 ba. Wanda aka ce masa digiri 12 da minti 30, ya je ya rubuta 12.30, ya kauce da kilomita 22, domin daidai ɗin 12.50 ne. Kano tana kusa da digiri 12 arewa, sai ku auna inda kilomita 22 za ta kai mutum daga Ƙofar Mata. Batir ma yana da nasa labarin. Ranar 5 ga Disamba 2001, a arewa da Kandahar a ƙasar Afganistan, wani sojan Amurka ya auna matsayin abokan gaba da na'urarsa, batir ya mutu, ya sauya. Da ta farfaɗo sai ta nuna matsayinta ita kanta, shi kuwa ya aika wa jirgi wannan lamba. Bom ɗin ya kashe Amurkawa 3 da 'yan Afganistan da dama, ya kuma ji wa Hamid Karzai rauni a ranar da aka zaɓe shi shugaban riƙo. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, tambayar da take amsawa ce ta sauya, mai ita bai lura ba.

A 2002 aka fito da wani tsarin fayil mai suna GPX, wanda ya sa sawun da aka ɗauka da na'urar wani kamfani zai buɗu a ta wani. A 2004 aka kafa OpenStreetMap a Ingila, inda masu sa kai ke tara sawunsu su zana taswirar da kowa zai ɗauka kyauta. Daga nan sawu ya zama haja mai yawo, kuma mu a arewacin Nijeriya mun ga amfaninsa da idonmu. A 2012 an sami yara 122 da cutar shan inna ta kama a Nijeriya, fiye da rabin na duniya duka a shekarar. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne taswirorin da ma'aikatan rigakafi ke bi zanen hannu ne, ƙauyuka da rugage da yawa ba sa ciki, wasu kuma suna kan iyakar gunduma biyu, kowace tana zaton na ɗayar ne. Sai aka zana sababbin taswirori daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka ba ƙungiyoyin rigakafi wayoyi masu GPS su sa a jaka. Da yamma a kwashe sawun a shimfiɗa bisa taswira, unguwar da zare bai ratsa ba ta fito fili, gobe a koma. An ga na ƙarshen masu kamuwa da ƙwayar cutar ta daji a Barno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Ba na cewa na'ura ce ta yi wannan aiki. Sawu ya nuna waya ta shiga lungu, bai nuna an buɗe ƙofa ba, bai nuna ɗigon magani ya shiga bakin yaro ba. Wannan sai da sarakuna da malamai da matan da suka san gidajen suka sa baki.

Sawun da ya tona asirin unguwar da aka tsallake yana iya tona na mai shi. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya duba taswirar da kamfanin Strava ya buga, wadda ta tara sawun masu motsa jiki na duniya, ya ga zare yana haske a tsakiyar daji a Siriya da Afganistan. Sojoji ne ke gudun safe suna kewaya sansanoninsu, agogunan hannunsu suna rubutawa.

Bari in komo Hamada inda muka fara. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, galibi daga yankin Kance a jihar Damagaram, watau 'yan'uwanmu Hausawa. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, aka fara tsananta ta a 2016. Direbobin Agadas da ke bin sananniyar hanyar Dirku zuwa Libiya suka ga jami'an tsaro suna tsare da rijiyoyi, sai da yawa suka bar hanyar suka shiga fili, suna dogara da GPS da wayar tauraron ɗan'adam. A zamanin madugu ba mai iya barin layin rijiyoyi, domin sanin hanya da sanin ruwa abu guda ne. Na'ura ta raba su. Ta ba mutum ikon ratsa inda ba a taɓa ratsawa ba, ya san matsayinsa daidai da taki kaɗan, alhali in mota ta tsaya ba ayarin da zai biyo ta nan, ba kuma takshif da ya riga shi zuwa gari ya ce a fito da ruwa. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023.

Roƙona ga Sashen Hausa da Sashen Tarihi da na Labarin Ƙasa shi ne mu haɗa ɗalibai su fita tare. Dattawan da suka bi hanyoyin fatake da ƙafa, da makiyayan da suka san burtalin da gonaki suka cinye, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙungiya ta tafi da na'ura da batir na ajiya da rakoda da littafi, dattijo yana gaba. Inda ya tsaya a danna alama, a sa mata sunan da ya faɗa da irin furucinsa, a rubuta abin da ya ce game da ruwan wurin da mutanensa da lokacin da ake binsa. Da yamma a ajiye sawun yini da kwanan wata. In an gama a buga kwafi biyu, ɗaya ya zauna a laburaren jami'a, ɗaya a kai wa mai garin da aka fara tafiyar daga ƙofarsa.

Shugaba, na ga ka duba agogo.